Ƙarin fitila a babbar mota: shawarar direbobi

A hirar direbobin tirela kan tafiyar dare, baki ya zo ɗaya: ƙarin fitilar nan mai farin haske ta daji ce, inda babu kowa gabanka. Da ka hango mota tafe, ko ka matso bayan wani, kashe ta ka koma ƙaramar wuta. Wani dattijo ya fi kowa zafi a nan, kuma ina bayansa: wanda ka kashe wa ido yakan yi 'yan daƙiƙoƙi yana tuƙi a makance. A yi wa fitilar makunni daban, a sunkuyar da ita ƙasa. Cikin hazo kuwa, haskenta kan fuskarka yake dawowa. Ja da shuɗi masu walƙiya a bar wa jami'an tsaro da motar asibiti.