Yadda za a nuna jimillar saƙonni a gefen folda a Thunderbird

Sakataren_Ofis:
Assalamu alaikum. Ina amfani da Thunderbird wajen kula da imel ɗin ofishinmu, kuma a halin yanzu lambar da ke bayyana a gefen kowace folda ita ce ta saƙonnin da ban karanta ba kawai. A folda irin ta Drafts da wadda muke adana rasitai, wannan lambar ba ta da wani amfani a wurina, domin duk abin da ke ciki na riga na buɗe shi, abin da nake bukata shi ne in san guda nawa ne gaba ɗaya. Shin akwai hanyar nuna jimillar a waɗannan foldoji biyu kaɗai, sauran kuma su zauna yadda suke?

Malam_Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tun daga sigar 115, wadda ta fito a watan Yuli na 2023 da sunan Supernova, an mayar da wannan zaɓi saman jerin foldoji. Ka danna alamar ɗigo uku da ke kusa da maɓallin rubuta sabon saƙo, sannan ka zaɓi "Show Total Message Count", nan take za ka ga lamba ta biyu ta fito kusa da ta farko. A nan ne kuma "Show Folder Size" yake, idan kana son ganin girman kowace folda. Idan ba ka ga ɗigon ba, ka shiga View, sai Folders, ka kunna "Folder Pane Header".

Sai dai zaɓin yana aiki ne a kan dukkan foldoji lokaci guda. Outlook na kwamfuta, manhajar imel ta Microsoft, ita ce ke bari a zaɓa wa kowace folda nata tsarin daga cikin Properties.

Hajiya_Akanta:
Malam Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ana iya kusantar abin da kake so ta hanyar fayil ɗin userChrome.css, wanda ake sauya kamannin manhajar da shi. Za ka buɗe Config Editor, wato shafin saitunan ciki na Thunderbird, ka mayar da toolkit.legacyUserProfileCustomizations.stylesheets zuwa true, ka ƙirƙiri folda mai suna chrome a cikin furofayil ɗinka, wato foldar da Thunderbird ke adana saitunanka, ka sa fayil ɗin a cikinta, sannan ka rubuta masa ƙa'idar da za ta ɓoye jimillar a inda ba ka bukatarta. Ni dai ba na ba da wannan shawara ga kwamfutar ofis da mutane da yawa ke taɓawa, saboda masu manhajar ba su ɗauki alhakin wannan hanya ba, kuma sabuntawa ɗaya na iya sauya sunayen da ƙa'idar ta dogara da su, ranar da ba ka nan kuwa babu wanda zai san inda matsalar take. Lambobi biyu a gefen folda ba su kai wannan wahala ba.

Malam_Injiniya:
Ƙarin bayani kaɗan, tunda lissafin rasitai ne. Idan ka naɗe babbar folda, lambar waɗanda ba a karanta ba takan haɗa da na ƙananan foldojin da ke ƙarƙashinta, don haka ka buɗe ta kafin ka dogara da abin da ka gani. Idan kuma lambar ta saɓa da abin da ke ciki, ka danna foldar da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka zaɓi "Repair Folder", wanda zai sake gina fayil ɗin .msf da ake ɗauko lissafin daga cikinsa.

Sakataren_Ofis:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na kunna jimillar ga dukkan foldoji kamar yadda Hajiya ta ba da shawara, kuma ta biya mini bukata.