Farautar elk a Wayomin: shin adalci ne baƙo ya biya ninki goma sha biyu?

Ɗan Ohayo: Assalamu alaikum jama'a. Shekara huɗu ke nan ina neman takardar izinin harbin elk, dabbar nan mai ƙaho kamar rassan itace, a jihar Wayomin ta Amurka. Da ƙuri'a ake raba wa baƙi takardar. Ɗan jihar dala 57 yake biya, ni baƙo daga jihar Ohayo 692. In kuma ina son shiga ƙuri'a ta musamman, wadda ta fi sauƙin ci, tun 2024 kuɗinta ya kai 1,950. Alhali dajin da nake son shiga na gwamnatin tarayya ne, kuma kusan rabin ƙasar Wayomin haka take. Harajina yana ciki. Ni dai na ce zalunci ne.

Alhaji na Kasfa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Ƙasa daban, dabba daban. Ba wanda ya hana ka shiga dajin ka kafa tanti, amma namun daji amana ce a hannun jiha. A 1978 Kotun Ƙoli ta yanke wannan a shari'ar Baldwin da jihar Montana. Lokacin ɗan jiha na biyan dala 9, baƙo 225, kotu ta ce ba a saɓa wa tsarin mulki ba, tunda farautar elk ta sha'awa ce, ba sana'a ba. A 2005 Majalisar Dokokin tarayya ta sake tabbatar wa jihohi wannan iko.

Ɗan Ohayo: Alhaji, ban ce haramun ne a doka ba. Adalci nake tambaya.

Alhaji na Kasfa: To zo ka yi hunturu ɗaya a nan Wayomin. A Janairun bara da idona na ga garke ya tsallake shingen maƙwabcina cikin dare, gari ya waye harawar da ya tara wa shanu ta zama tattakakke, ga wayar shinge kwance cikin dusar ƙanƙara. Kai sati ɗaya kake zuwa a kaka ka koma. Mu muke zaune da su.

Malama ta Denba: Ku yi haƙuri in sa baki. Alhaji, akwai abin da ka tsallake. Tun 1937 dokar Pittman-Robertson ke karɓar haraji, yanzu kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai, ana raba wa jihohi bisa faɗin ƙasa da yawan masu lasisi. Wanda ya sayi harsashi a Ohayo yana da hannu a kula da elk ɗin Wayomin. Kuma mafi yawan kuɗin lasisin da hukumarku ta namun daji ke samu daga aljihun baƙi yake fitowa, alhali kashi 16 kawai ake ware musu a takardun elk da aka ƙayyade adadinsu. A 2022 ma an rage rabonsu na tumakin dutse da mus, wata babbar dabba dangin elk, zuwa kashi 10.

Alhaji na Kasfa: Gaskiya ne Malama, ban musa ba. Amma in aka daidaita kuɗin, ɗan makaniken da aka haifa a Kasfa zai daina samun naman da yake cika firiza da shi duk shekara.

Malama ta Denba: Ni ma ban ce a daidaita ba. Baƙo ya fi ɗan gida biya, wannan na yarda. Abin da ke ci min rai ƙuri'ar musamman ɗin nan ce. Baƙi biyu, duk 'yan ƙasa ɗaya, mai 1,950 ya shiga gaban mai 692. Nan ba ɗan jiha ake karewa ba, sa'a ake sayar wa mai kuɗi. Ku tuna mafarauta huɗu 'yan jihar Mizuri da suka tsallaka da tsani kusurwar da filayen wani mai zaman kansa suka haɗu a Elk Mountain na Wayomin don isa filin gwamnati, aka maka su a kotu, har a 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar musu da gaskiya. Talakan mafarauci ta kowane gefe ake matse shi.

Ɗan Ohayo: Malama kin faɗi abin da na kasa faɗa. Na janye maganar ninki goma sha biyu, amma ƙuri'ar masu kuɗi ba zan taɓa yarda da ita ba.

Alhaji na Kasfa: Ita kam ni ma ba na kare ta. Bana ka nemi takardar harbin elk mace, ta fi araha nesa ba kusa ba, namanta kuma ya fi laushi. In ta fito, ɗakin baƙi na nan, kuma ina da motar da za ta kwaso naman.