Tambaya: Ta yaya ƙwayar cuta ke ɓoye sankarar maƙogwaro daga garkuwar jiki?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum. Kawuna ya yi wata huɗu da wani kumburi marar zafi a gefen wuyansa, har muka ɗauka kaluluwa ce da za ta sace da kanta. Da aka yanki tsoka aka gwada, sai aka ce sankarar maƙogwaro ce mai alaƙa da ƙwayar cutar HPV, ga shi kuwa mutum ne da bai taɓa kai sigari bakinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, an koya mana cewa garkuwar jiki tana kashe duk tantanin (wato ƙwayar halittar jiki) da baƙuwar ƙwaya ta shiga. To me ya hana ta ganin wannan?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Kowane tantani yana da wata alama a bayansa da ake kira MHC, wadda yake baje ɓarɓashin abin da ke cikinsa a kanta kamar yadda mai tireda ke baje kaya, fararen ƙwayoyin jini na T kuma suna bi suna dubawa, duk inda suka ga baƙon kaya su hallaka tantanin. HPV, musamman nau'i na 16, tana yin wani furotin mai suna E5 da ke tsare wannan alama a cikin tantanin, ya hana ta fitowa. Furotin E7 kuma yana toshe hanyar STING, wadda ta nan ne tantani ke sakin intaferon, wato kururuwarsa ta neman agaji. E7 ɗin da wani furotin na HPV mai suna E6 ne dai ke kassara p53 da pRb, furotin ɗin jiki masu taka wa tantani birki, sai ya yi ta hayayyafa a ɓoye.

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Malam ya yi bayani, amma wurin ma yana da nasa laifin. Tsokar nan ta gefen maƙogwaro da muke kira tonsil tana da ramuka masu zurfi, kuma tantanin cikinsu suna ɗauke da PD-L1, furotin da ke sanyaya gwiwar ƙwayoyin T, don kada jiki ya riƙa yaƙi da duk abin da aka haɗiye. A wannan inuwa ƙwayar ke fakewa shekara da shekaru. Ƙwayar Epstein-Barr, da aka gano a 1964, ita ma tana ƙara yawan PD-L1 a sankarar bayan hanci, wadda ta fi yawa a kudancin Sin. Magungunan pembrolizumab da nivolumab, da Amurka ta amince da su a 2016 don sankarar kai da wuya da ta dawo, wannan sanyaya gwiwar da PD-L1 ke yi wa ƙwayoyin T suke hanawa, sai dai akwai ɗan karen tsada.

Ɗalibar Jinya:
Na gode, Likita. Ke nan tasa ta fi ta masu shan sigari muni?

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
A'a, 'yar'uwa, galibi ma ta fi jin gashin na'ura (radiotherapy) da magani, kuma ana ganin ɗaya daga dalilan shi ne sankarar ba ta iya rayuwa sai da E6 da E7, waɗanda baƙi ne da garkuwa ke iya ganewa in ɓuyan ya yi rauni. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, don haka ku tsaya masa kada ya tsallake ko da rana ɗaya ta gashi.