Waɗanda suka ɗora wa baburansu ƙarin na'urar daidaita mai: me kuka gani?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da babur mai silinda biyu da ke aiki da injekta, kuma makonni uku da suka wuce na sauya masa salansa da matatar iska, na sa waɗanda suka fi sakin iska. Tun daga ranar injin ya ƙara zafi, yana kuma harbi ta salansa duk lokacin da na saki totur, shi ya sa na sayi na'urar daidaita mai irin wadda ake jonawa tsakanin kwamfutar babur da injektoci. Na ɗaga tanki, na zare soket ɗin kowace injekta na shigar da na na'urar a tsakani, na haɗa waya ɗaya da sensar totur, na ɗaure wayar negatif a wani noti na jikin firam, sannan na loda jadawalin mai da na samo a intanet. Babur ya tashi, amma sulo ba ya zama wuri ɗaya, tsakanin juyi 3,000 da 4,000 a minti yana fizga kamar ana riƙe shi ana saki, harbin ma bai daina ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa wannan aiki da hannunsa ya faɗa mana abin da ya same shi da yadda ya gano bakin zaren.

Amsa ta farko:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Wurin da ka ɗaure wayar negatif shi ne abin da na fara zargi, domin a nan nawa ya ba ni wahala har kwana tara. Notin da na zaɓa yana zaune a kan fenti, saboda haka wuta tana wucewa yau gobe ta yanke, kuma da zarar babur ya shiga gargada sai na'urar ta mutu ta sake kamawa, injin ya yi tari sau ɗaya ya ci gaba. Da na mayar da wayar kan negatif ɗin batir kai tsaye, matsalar ta tafi. Ka kuma sa mita a batir ɗin: mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji a kashe yake, ya kuma hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan ana ba shi wuta. Bayan haka ka jona kwamfuta ka dubi abin da na'urar ke karantawa idan totur a rufe yake, bayan inji ya ɗumama. Ya kamata ta nuna sifili, ta kuma nuna 100 idan ka murɗe shi gaba ɗaya. Idan ba haka ta nuna ba, duk jadawalin ya goce daga mazauninsa.

Wani bakanike da ya daɗe a sana'ar:

Malam, na ɗora irin waɗannan na'urori a kan babura da dama, kuma ina so ka fara fahimtar iyakar abin da suke yi kafin ka taɓa ko lamba ɗaya. Na'urar ba ta maye gurbin kwamfutar babur ba. Kwamfutar ce ke aika umarnin tsawon lokacin da injekta za ta buɗe, ita kuwa na'urar tana tare umarnin a hanya ta tsawaita shi ko ta gajarta shi gwargwadon lambar da ke cikin jadawali, wanda gefe ɗaya juyin inji ne, ɗaya gefen kuma buɗewar totur. Idan wani gida na jadawalin ya nuna 5, an ƙara kashi biyar cikin ɗari na mai a wannan yanayi; idan sifili ne, umarnin ya wuce yadda yake. Saboda haka gwajin da nake farawa da shi kullum shi ne loda jadawalin da duk gidajensa sifili ne. Idan babur ya koma yadda yake kafin a sa na'urar, wayoyinka lafiya, laifin na jadawali ne. Idan fizgar ta ci gaba, sai in zare na'urar gaba ɗaya in mayar da soket na asali, daga nan in san ko haɗin waya ne ko kuwa babur ɗin dama yana da ciwonsa.

Fizgar da ka ambata a wannan zango kuma ta yi kama da abin da na sha gani a babura masu sensar iska a salansa. A sulo da tafiya mai sauƙi, kwamfutar tana sauraron wannan sensa tana ƙoƙarin riƙe haɗin iska da fetur a kan 14.7 da 1, wato nauyin iska ya ninka na fetur sau 14.7. Sensar asali ba ta iya faɗin ainihin adadi, ƙarfin wutarta kawai ke tsalle tsakanin kusan bolt 0.1 da 0.9, wato ko mai ya yi kaɗan ko ya yi yawa. To idan na'urarka ta ƙara mai a nan, sensa ta ba da rahoto, kwamfuta ta janye man, na'urar ta ci gaba da ƙara kasonta, kai kuma a kan sirdi kana jin wannan ja-in-ja a matsayin fizga. Wasu kamfanoni suna haɗo ƙaramin abin da ake jonawa a wayar sensar don shawo kan wannan, wasu kuma suna cewa a bar gidajen wannan zango a sifili. Ka bi abin da takardar taka ta ce, ka kuma sani cewa a ƙasashe da yawa doka ba ta yarda a taɓa kayan rage hayaƙi a babur da ke hawa titi ba, kuma garantin babur na iya faɗuwa.

Wani mai babur mai silinda huɗu:

Abin da Baba bakanike ya faɗa gaskiya ne, ni dai tawa matsalar ta wata ƙofa ta shigo. Na ƙara sayen sensa mai faɗin karatu, wadda ke ba da ainihin adadin haɗin, tare da abin da ke gyara jadawali da kansa yayin tafiya. Na sa masa burin haɗin 13.2 da 1 a babban juyi, 13.8 da 1 kuma a tafiyar yau da kullum, na yi ta amincewa da gyaran da yake kawowa ba tare da na duba ba. Cikin mako biyu wasu gidajen ƙasa sun haura 30, fulogi huɗu sun yi baƙi ƙirin, tanki yana ƙarewa da wuri, salansa tana warin ɗanyen fetur. Ashe babur ɗin yana da tsarin da ke tura iska mai tsabta cikin mafitar hayaƙi don ƙone ragowar mai, wanda Honda da Suzuki ke kira PAIR, Yamaha kuma AIS. Sensar tana shaƙar wannan iska tana cewa mai ya yi kaɗan, alhali a cikin silinda ba haka abin yake ba. Sai da na toshe bututun na lokacin awo, na goge duk gyaran da ya taru, na faro daga farko, sannan lambobin suka dawo hankali.

Wannan ya shafi harbin da kake ji. Yawancinsa ragowar mai ne ke haɗuwa da iska a cikin salansa mai zafi, kuma iskar tana shigowa ne ta wannan tsari ko ta mahaɗar da ba ta zauna daidai ba. Tunda ka sauya salansa, ka dubi bakin da ta haɗu da inji ko akwai baƙin toka a gefe. Ni ban ga hikimar zuba mai a layin totur sifili don rufe bakin harbi ba, matuƙar ba a toshe ɓular da ke jawo shi ba.

Wata amsa gajera:

Ni waya ce ta matse tsakanin tanki da firam lokacin da na sauke tankin. Da sanyi lafiya lau, idan inji ya yi zafi sai silinda ɗaya ta ɗauke, fitilar gargaɗi ta kama. Tun daga nan nake nesanta wayoyin daga kwayil da kan inji, nake kuma jiran in ji ƙarar maƙalewar kowane soket kafin in rufe.

Bakaniken ya ƙara da cewa:

Madalla da wannan tuni. Akwai kuma abin da ya taɓa kawo mini wani babur da mai shi ya yi ta ƙara lambobi a sama, amma yana yankewa idan an murɗe totur. Da na auna ƙarfin famfon mai, wanda a babura da yawa yake kusan bar 3 a ma'aunin matsi, sai na ga yana faɗuwa a ƙarƙashin nauyi saboda matatar da ke cikin tanki ta toshe. Tsawaita buɗewar injekta ba ya kawo man da famfo bai turo ba. Jadawalin intanet kuma an yi shi ne a kan babur ɗin wani, da salansarsa da matatarsa, don haka mafari ne kawai. Na'urar daino, wadda ake ɗora babur a kanta don auna ƙarfin inji, da sensa mai faɗin karatu ne ke nuna abin da naka yake buƙata, bayan an daidaita bawul an kuma tabbatar fulogi lafiya.

Mai buɗe zance ya dawo:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya, ina gwadawa bayan kowanne. Da na mayar da negatif kan batir, sulo ya zauna. Na'urar tana karanta 6 da totur a rufe, na saita ta ta koma sifili. A bakin silindar baya na sami baƙin tokar da aka ambata, ashe tsohon gasket na mayar, da na sa sabo harbin ya ragu sosai. Fizgar ta ɓace da jadawalin sifili, ta dawo da na loda na intanet, don haka na bar gidajen da ke ƙasa da juyi 4,500 da totur kashi 20 a sifili, na riƙe sauran har in samu zuwa wurin daino. Baba, kafin in je, in toshe bututun iskar da kaina ko in bar wa mai awon ya yi a gabana?