Neman kalma: me za mu kira chamber orchestra da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, masu fassara ku matso kusa. Ina rubutu ne a kan wata ƙungiyar makaɗa ta Landan, Academy of St Martin in the Fields, sai na maƙale a kan chamber orchestra. Babbar orchestra dai kowa ya taɓa ganinta a talabijin, mutum 80 zuwa 100 sun cika dandamali da goge da kayan busa da ganguna, wani na tsaye gabansu yana kaɗa 'yar sanda. Ita wannan ƙarama ce, ba ta cika wuce mutum 40 ko 50 ba, wani lokaci ma goma sha ne kawai, kuma sunan daga ɗaki ya samo asali don can da a Turai irin wannan kiɗan a ɗakunan gidajen sarakuna da masu kuɗi ake yinsa, ba a coci ko gidan wasa ba. Na sa "ƙaramar ƙungiyar makaɗa" amma ta yi min tsawo kuma ba ta da armashi.

— Malam tunda gidan sarakuna ka ce ai makaɗan fada ta wadatar, me ake nema kuma

— A'a ƙanina, wannan kalmar tana da masu ita. Kana cewa makaɗan fada Bahaushe su Narambaɗa da Ɗankwairo zai tuna, waƙar sarki da kirari da ubangida. Waɗannan galibi ko waƙa babu a kiɗansu, kuma ba su da ubangida, tikiti ake saya a shiga a zauna shiru a saurara.

— To a ce makaɗan ɗaki mana

— Yaya in kin ce haka sai a zaci 'yan ɗakin wani ɗan siyasa ne wallahi. Bari in ɗan ba da tarihinsu ko zai taimaka. Neville Marriner ne ya kafa ta a 1958, lokacin yana kaɗa goge a London Symphony Orchestra, ya tara abokan sana'arsa masu goge su goma sha suna gwaji a falon gidansa, abin da ya haɗa su kuwa sun gaji da zama ƙarƙashin mai sanda, suna son su yi kiɗa suna jin juna kowa na da ta cewa. Wasansu na farko a Nuwamba 1959 suka yi shi cikin cocin da suka ari sunansa, nan bakin dandalin Trafalgar. Marriner yana zaune da gogensa a kujerar gaba yake jansu, da kai da ido da motsin bakan gogensa, sai daga baya da suka ƙaru ya ajiye gogen ya ɗauki sandar da suka gudo wa, abin dariya. Faifansu ya haura 500, su ne ma suka yi kiɗan fim ɗin Amadeus na 1984. Ya rasu a 2016 yana da shekara 92, tun 2011 kuma Joshua Bell ɗan Amurka ke jagorantarsu, shi ma sau da yawa daga kujera da goge a hannu.

— Ah to ai ka faɗi amsar da bakinka Malam. Mutane kaɗan, kusa da juna, a inda maigida ke karɓar baƙi, zaure kenan. Makaɗan zaure.

— Mu Kanawa soro muke cewa fa

— Hajiya soro a wasu garuruwan ana iya ɗaukarsa ginin ƙasa mai rufin azara ko ma bene, zaure kuwa daga Zariya har Damagaram ba wanda zai tambaye ka ma'anarta.

— Ni matsalata yanzu ai ba a zaure suke yi ba, manyan ɗakunan taro suke cikawa a Jamus da Amurka, wane zaure ne zai ci mutum 2,000?

— Haka ne Malam, amma su ma Turawan ba su canja sunan ba don an bar ɗaki, yawan makaɗan da salon kiɗan sunan yake nunawa ba ginin ba. Ni dai makaɗan zaure ta kwanta min. Saura ɓangaren yawon, don su waɗannan rabin rayuwarsu a hanya take, yau wannan gari gobe wancan da akwatunan goge a kafaɗa.

— Ayari mana. Ayarin makaɗan zaure, shi kuma Bell ɗin madugu, tunda madugu cikin ayari yake tafiya ba a gefe yake tsayawa yana nuni ba. Mai sanda na babbar ƙungiya a bar masa jagora ko sarkin kiɗa.

— Madugu ta yi, ban da sarkin kiɗa, za ta sake mai da mu fada. Na ɗauki ayarin makaɗan zaure zan sa a rubutun, wanda ke da kalmar cello kuma ya taimaka don "babban goge" da na sa ta ci karo da double bass, gogen da ya fi cello girma.