Black Mirror: Daga Ina Sabon Mai Kallo Zai Fara?

Daren Asabar a teburin mai shayi da ke Samaru, gardama ta kaure tsakanin ɗaliban ABU kan Black Mirror, shirin Charlie Brooker da ya fara fita a Channel 4 ta Birtaniya a 2011, kafin Netflix ta karɓe shi a 2016.

Abu ɗaya aka yi ittifaƙi a kai: tunda kowane kashi labarinsa daban ne, kada sabon shiga ya fara da kashin farko. Akwai ƙazanta a ciki, ba abin kallo ba ne a falo gaban Baba. Yawanci sun ce a fara da zango na uku, musamman "Nosedive", inda mutane ke ba juna maki ta waya, makinka kuma shi ke yanke gidan da za ka samu. Wani ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, wannan ai Instagram ne kawai!" Ni ma nan na fi karkata.

Masoya "San Junipero", wani kashi na zango na uku, sun kafe cewa ya ci lambar yabon talabijin ta Emmy a 2017. Zango na biyar kuwa, kashi uku kacal, bai samu mai kare shi ba. Shawarar ƙarshe: a sauke da dare lokacin da data ke araha.