Shin laifi ne a nuna wa mutum bindigar roba don a tsorata shi?

Yayar Auta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman wanda yake da masaniya a kan doka ya warware mini wani al'amari da ya hana gidanmu barci tun makon jiya. Ƙanena, wanda shi ne autanmu, yana bin wani mutum bashi da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa. Da ya gaji da alkawuran da ba a cikawa, sai ya ɗauki bindigar wasa ta ɗan yayanmu, baƙa ce mai siffar ƙaramar bindigar hannu, ya je ya sami mutumin, ya zaro ta daga aljihu ya auna shi da ita, ya ce masa ko ya biya a ranar ko ya ga abin da zai biyo baya. Mutumin ya durƙusa yana roƙo, daga baya kuma ya kai ƙara, yanzu haka ƙanena yana hannun hukuma.

Manyanmu a gida suna ta cewa babu wani abin tashin hankali, tunda roba ce, ko ƙuda ba za ta kashe ba, kuma kuɗinsa ya je nema, ba na wani ba. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da wannan magana ba. Shin doka tana ɗaukar abin da ya yi a matsayin laifi alhali babu harsashi, babu rauni, kuma bai karɓi ko sisi ba? Idan laifi ne, daidai yake da na wanda ya riƙe bindigar gaske?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya kawo mafita. Ba ki faɗi ƙasar da abin ya faru ba, kuma hukunci yana bambanta daga wannan ƙasa zuwa waccan, amma amsar tambayarki ta farko kusan ɗaya ce a ko'ina: laifi ne. Kuskuren da manyanku suke yi shi ne sun tsaya kallon abin da yake hannun ƙanenki, alhali doka tana fara duba abin da ya shiga zuciyar wanda aka auna. Laifin barazana yana cika ne a daidai lokacin da mutum ya sa wani ya gaskata cewa yanzun nan za a cutar da shi, kuma ya yi hakan da gangan. Ba sharaɗi ba ne sai an taɓa jikinsa, ba kuma sharaɗi ba ne sai mai barazanar yana da ikon zartar da ita. Durƙusawar da mutumin ya yi yana roƙo ita ce shaidar da mai gabatar da ƙara zai fi dogara da ita.

Akwai wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1976 wadda ta yi kama da taku ƙwarai. Wani mutum ya buɗe aljihun tebur ya nuna wa wata jami'ar haraji bindiga, ya ce ba zai bar ta ta tafi ba sai an biya shi kuɗin da yake bi. Da ya ga jikinta yana rawa sai ya miƙa mata bindigar, ya ce ta duba, ta bogi ce. Duk da haka kotu ta kama shi da laifi, domin firgitar ta riga ta auku, kuma bayanin da ya zo daga baya ba zai goge ta ba.

Daga baya ma majalisar dokokin ƙasar ta ware wa abin sashe na musamman. A 1994 an ƙara sashe na 16A a cikin dokar bindigogi ta 1968, wanda ya ce duk wanda ya riƙe bindiga, ko abin da aka kwaikwayi bindiga da shi, da nufin sa wani ya gaskata cewa za a yi masa ta'adi, zai iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 10. Dokar ta fassara bindigar bogi da cewa duk abin da yake da kamannin bindiga, ko yana iya harba wani abu ko ba ya iyawa. Har bututun ƙarfe biyu da aka ɗaure wuri guda an taɓa yanke cewa suna iya shiga wannan fassara, idan a lokacin da aka nuna su sun yi kama da bakin bindiga. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, zaro bindigar bogi cikin yanayin barazana ƙaramin laifi ne mai zaman kansa, amma mafi ƙarancin hukuncinsa shi ne kwana 30 a gidan yari.

Mai Bin Diddigi ya amsa:

Malam Ɗalibi ya yi bayani mai gamsarwa a kan tambaya ta farko, sai dai ina jin tsoron kada Malama ta tashi da fahimtar cewa roba da ƙarfe duk ɗaya ne a gaban alƙali. Tambayarta ta biyu ita ce mai wuyar, kuma a nan ne kotuna suka sha rabuwa. Zama mai laifi abu ɗaya ne, hawa matakin hukuncin da aka tanadar wa mai makami wani abu ne daban.

Jamus ta raba abin hawa-hawa. A dokar laifukanta, fashi tsurarsa yana farawa daga ɗaurin shekara 1, wanda ya ɗauki wani abu don ya karya turjiyar mutum da barazana, kuma bindigar bogi tana cikin wannan, nasa yana farawa daga shekara 3, wanda ya yi amfani da makamin gaske kuwa daga shekara 5. Har a cikin matakin tsakiyar an ja iyaka. A 1996 babbar kotun tarayyar ƙasar ta duba wata shari'a inda aka danna wa ma'aikaciyar shago kwanson man leɓe na Labello a baya, ta ɗauka bakin makami ne, ta miƙa kuɗi. Kotu ta ce fashi ne, amma ba mai tsanani ba, domin abin da aka yi amfani da shi duk wanda ya gan shi da ido ya san ba ya cutarwa, yaudarar ce ta yi aiki, ba kayan ba.

Wadda ta fi ba ni dariya, ko da yake ba abin dariya ba ne ga wanda aka yi wa, ita ce ta Ingila a 2005. Wani ya shiga gidan tsohon maigidansa, ya cusa hannu cikin rigar sanyi ya turo yatsunsa kamar bakin bindiga, ya karɓi kuɗi. An tuhume shi da fashi, an kuma tuhume shi da riƙe bindigar bogi. Maganar ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, alƙalai suka soke tuhuma ta biyu bisa hujjar cewa ba a cewa mutum ya mallaki abin da yake ɓangare ne na jikinsa, yatsa ba kaya ba ne da ake ɗauka a ajiye. Laifin fashin dai yana nan daram a kansa. Abin da nake so Malama ta lura da shi ke nan: a duk waɗannan shari'o'i babu wanda ya fita salin alin, gardamar a kan nauyin hukunci ce kawai. Kuma ƙanenki ba yatsa ya nuna ba, abu ya ɗauko daga gida wanda aka ƙera musamman don ya yi kama da bindiga.

Tsohuwar Malamar Makaranta ta amsa:

'Yata, ni ba masaniyar doka ba ce, amma ina so ki faɗa wa manyanku su gode wa Allah da yaron yana tsare da ransa. Maganar cewa roba ba ta kisa gaskiya ce rabi, domin wanda aka auna bai san roba ba ce, ɗan sandan da zai iso wurin shi ma bai sani ba. Da mutumin nan yana da makami ya kare kansa, dokokin ƙasashe da yawa za su auna shi ne da abin da ya gaskata a lokacin, ba da abin da aka gano bayan ƙura ta lafa ba.

Kotun ƙolin Amurka ta kafa hujja da wannan a 1986, lokacin da ta yanke cewa bindigar da babu harsashi a cikinta makami ce mai haɗari a dokar fashin banki, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne fito da bindiga yana jefa tsoro a zukatan mutane, tsoron kuma yana iya jawo martani mai zubar da jini nan take. Tun 1988 dokar tarayyar ƙasar ta wajabta a sa wa bindigogin wasa alama mai launin ruwan goro a baki, amma ana iya cire alamar. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Kilibland na jihar Ohayo, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana wasa a filin shaƙatawa da bindigar wasa da aka cire wa wannan alama. Wanda ya kira 'yan sanda ya ce mai yiwuwa ta bogi ce, amma ba a isar wa jami'an da wannan magana ba. Yaron bai bin kowa bashi, bai kuma je karɓar komai ba.

Ko ta fuskar addini, an ruwaito cewa wani sahabi ya ɗauke igiyar ɗan'uwansa yana barci, da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce bai halatta ga musulmi ya firgita musulmi ba. Igiya ke nan, balle abin da aka auna wa mutum a ƙirji.

Yayar Auta ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu biyu. Ƙanena yana cewa zai faɗa wa alƙali wasa yake yi, kuma shin kasancewar bashin gaskiya ne, akwai shaidu a kansa, ba zai wanke shi ba?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Malama, ki hana shi faɗin wannan magana kafin ya zauna da lauya. Wasa yana zama kariya ne idan ɗayan ma ya san wasa ake yi, kamar abokai biyu da suke zolayar juna da abin da dukansu suka san ba ya harbi, domin a nan babu wanda ya firgita. Shi kuwa ƙanenki ya haɗa zaro bindigar da sharaɗi, ya ce a biya ko a ga abin da zai biyo baya, wato shi da bakinsa ya bayyana abin da yake so tsoron ya samar masa. Idan ya ce wasa ne, tambayar farko da za a yi masa ita ce me ya sa bai ɗauki ja ko koriya ba, ya zaɓi baƙa, kuma me ya sa bai yi dariya ya ɗago mutumin ba lokacin da ya durƙusa.

Maganar bashin tana da amfani, amma ba inda manyanku suke zato ba. A dokar Ingila da wasu ƙasashen da suka gaji tsarinta, wanda ya gaskata da zuciya ɗaya cewa kuɗin da ya nema haƙƙinsa ne yana iya kuɓuta daga tuhumar fashi, saboda fashi yana buƙatar niyyar sata, mai neman nasa kuwa ba shi da ita. Wasu wuraren, ciki har da jihohi da dama na Amurka, ba sa karɓar wannan hujja idan aka yi amfani da ƙarfi ko barazana wajen karɓar bashi. Ko a inda aka karɓe ta, tuhumar barazana da ta riƙe bindigar bogi suna nan ba su motsa ba. Saboda haka abin da ya kamata ku fara sani shi ne ainihin sashen da aka rubuta a takardar tuhuma, domin tazarar da ke tsakanin barazana da yunƙurin fashi da makami tazara ce ta shekaru masu yawa. Ku tattara duk wata takarda ko saƙon waya da yake tabbatar da bashin ku ba lauya, ku faɗa masa ko ƙanenki ya taɓa shiga hannun hukuma a baya, kuma kada wani daga cikinku ya je wurin mai ƙara da sunan ban haƙuri sai da sanin lauyan, domin ziyarar da kuka yi da kyakkyawar niyya ana iya rubuta ta a matsayin yunƙurin tursasa shaida, ta kuma jawo a hana shi beli.